Kwanakin da Na Nemi Nasiru a Kirklees

Litinin, 15 ga Afrilu, bayan azahar

Wannan kayen, wato littafin rubutu, na shirya darasi ne, na ƴan turwaziyam, ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare. Rabinsa fari ne, don haka na juya shi na fara rubutu daga baya. Ina son wurin da zan faɗi magana ba a amsa mini ba.

Yau kwana shida wayar Nasiru a kashe, tun ranar salla. Duk saƙon da na tura alama ɗaya yake nunawa, ba ta zama biyu ba. Nasiru ƙanena ne, ciki ɗaya, na girme shi da shekara goma sha shida. Ni na riƙe shi bayan rasuwar Baba. Ni na koya masa Ingilishin da ya kai shi Kano karatun jinya, daga can ya kai shi Ingila aikin kula da tsofaffi. Wata goma sha huɗu da tafiyarsa, bai taɓa yin kwana biyu bai kira Inna ba.

Da safe Inna ta tambaye ni, na ce rezo ne, layin waya ne ba kyau. Ta ce, "Rezon namu ko nasu?" Na ce nasu. Ta ci gaba da jan carbinta.

An koma lakwal yau, makarantar da nake koyarwa. Zafi ya sa yara gyangyaɗi tun ƙarfe goma sha ɗaya, ban hana su ba.

Talata, 16 ga Afrilu, da hantsi

Alama ɗaya.

Laraba, 17 ga Afrilu, bayan la'asar

Na yi wa Inna ƙarya. Na ce ya kira tana barcin rana, ya ce aiki ne ya yi masa yawa, yana gaishe ta. Basira matata tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kanta.

Inna ta ce, "Ya tambayi ƙafata?"

Na ce ya tambaya.

"To, Allah ya yi masa albarka."

Da na shiga ɗaki Basira ta biyo ni, hannunta duk gari. "Malam, in gobe ta sake tambaya fa?"

"Kafin gobe ya kira."

"Me ya haɗa ku ranar salla? Na ji ka ɗaga murya a bakin ƙofa."

Na ce ta kawo mini ruwa.

Alhamis, 18 ga Afrilu, hutun ƙarfe goma

Na zauna na tambayi kaina, me na sani game da inda yaron nan yake? Da farko yana wani wuri kusa da Landan. A watan Janairu ya ce ya sauya aiki, an kai shi arewa. Na ce ina? Ya ce Kirklees. Na sa ya rubuto mini, na duba ko haruffan sun cika, shi ke nan. Ban tambayi unguwa ba, ban tambayi sunan wurin aiki ba, ban tambayi da wa yake zaune ba. Kalma ɗaya ce tak a hannuna.

Na nuna wa Mushe Habibu (haka ake kiran malami a nan), malamin labarin ƙasa, abokina tun muna lise, babbar sakandare, a Damagaram. Ya buɗe taswira a wayarsa ya rubuta sunan. Maimakon ɗigon gari, sai wani jan zare ya fito ya kewaye fili babba, cike da sunaye. Muka matso da hoton, muka nisanta, muka sake matsowa. Akwai Huddersfield, akwai Dewsbury, da wasu da yawa. Wanda muke nema babu shi a ciki.

Habibu ya ce, "Idrisa, wannan ba gari ba ne. Gunduma ce."

Na ce gari ne, ai shi ya faɗa mini da bakinsa.

Ya ce, "Dubi nan gida. Gundumar Kance ake cewa, amma ofisoshin suna nan Matamaye. In wani ya ce maka ɗan'uwansa yana gundumar Kance, ina za ka fara? Dungu? Yauri? Icirnawa? Mu ma gara mu, akwai garin Kance, ana iya hawa kabu-kabu a je. Su nasu ban ga garin ba."

Ya karanta a ƙasa cewa mutanen cikin wannan jan zaren sun haura dubu ɗari huɗu. Na ce ya rufe wayar.

Shekara ashirin da biyu ina koyar da harshen mutanen nan. Wata uku ina gaya wa duk wanda ya tambaya cewa ƙanena yana birnin Kirklees.

Juma'a, 19 ga Afrilu, bayan saukowa daga masallaci

Mutum huɗu suka tambaye ni tsakanin ƙofar masallaci da gida: "Ya ɗan Ingila?" Duk na ce lafiya lau, yana gaisuwa. Na huɗun, mai sayar da mangwaro, har ya ƙara mini biyu ya ce in ci a madadinsa.

Ban ci ba. Suna nan bisa taga.

Asabar, 20 ga Afrilu, da rana tsaka

An ɗauke wuta tun safe. Na kai waya caji wurin mai sola, na tsaya a kanta kamar mai gadin tukunya. Alama ɗaya.

Na share zaure. Na sake share shi. Basira ta karɓe tsintsiyar.

Litinin, 22 ga Afrilu, ƙarfe goma sha biyu da rabi

Habibu ya samo mini lambar ofishin gundumar tasu. A wannan lokacin na shekara agogonmu ɗaya da su, don haka da aka fita hutu na shiga ajin da ba kowa, na rufe ƙofa, na kira. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda, jimla biyar, na gyara su sau uku.

Na'ura ce ta fara magana, ta yi ta cewa danna kaza, danna kaza. Daga baya wata mace ta ɗauka. Na karanta jimlata ta farko, cewa ina neman ƙanena da ke zaune a birnin, sai na faɗi sunan yadda na saba faɗinsa, Kirkilis. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta sake cewa in maimaita, a hankali. Gumi ya jiƙe takardar. Can ta gane, ta faɗi sunan da kanta. Gaɓa biyu ne kawai, nauyin yana kan ta ƙarshe, ana jan ta, ta ƙare da sautin z. Kamar a ce Kak-liiz.

Mutuniyar kirki ce, ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni a wane gari yake a cikin gundumar. Sai da ta faɗa sau biyu na fahimta, don maganarta ba irin ta kaset ɗin da muke sa wa yara ba ce. Na ce ban sani ba. Ta tambayi adireshi, ban sani ba. Wurin aiki, ban sani ba. Ta ce ofishinsu ba ya ba da labarin mutum, amma in ina tsoron wani abu ya same shi akwai lambar ƴan sanda, ta karanta mini, ta ce za su so sanin garin ko wurin aikin. Ta ce tana fata in same shi lafiya.

Na gode mata. Wannan jimlar kaɗai ce ta fita daidai.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Ban kira ƴan sandan ba. In takardunsa suna da wata matsala da ban sani ba, ni zan jawo masa. In kuma ba su da matsala, me zan ce musu? Ga suna, ga mutum dubu ɗari huɗu, ku nemo?

Na rasa abin yi, sai na ɗauko ƙamus da wayar Habibu na zauna ina rubuta ƙa'idojin sunan, kamar zan shiga aji da su. Ba a sa masa the a gaba. Ana cewa in Kirklees, ba at ba, don fili ne mai faɗi da ake zama a cikinsa. Harafin farko babba. Ba a kiransa birni, ba a kiransa gari. Ya ƙare da s amma ba jam'i ba ne, abu ɗaya ake ɗaukarsa. A bayan ambulan ba a bukatarsa, sunan gari ake sawa da lambar gidan waya.

Na cika shafi. Rubutun ya yi kyau ƙwarai. Ban san amfaninsa ba.

Talata, 23 ga Afrilu, bayan tashi daga lakwal

Darasin yau kan sunayen wurare ne, yana cikin abin da za a tambaye su a jarrabawar ƙarshen shekara. Ban yi niyya ba, sai na ga hannuna ya rubuta sunan a allo. Na koya musu duk abin da na rubuta jiya. Na sa suka faɗe shi tare, su saba'in da ɗaya, nauyi a gaɓar ƙarshe. Ajin ya ɗauka kamar ana kiran wani daga nesa.

Zainabu, wadda take zama a gaba, ta ɗaga hannu. "Mushe, in ba gari ba ne, me zai sa mutum ya ce a can yake zaune?"

Na ajiye alli. Na ce tambaya ce mai kyau. Na ce su buɗe shafi na arba'in su yi aikin da ke ƙasa. Na fita na tsaya gindin dogon yaro har aka buga ƙararrawa.

Laraba, 24 ga Afrilu, bayan asuba

Kwana goma sha biyar. Na sake ce wa Inna ya kira. Ba ta tambayi komai ba wannan karon.

Alhamis, 25 ga Afrilu, bayan magariba

Basira ce ta matsa mini in je wurin Alhaji Yahaya, mai kai rake da wake Kano, don ya san mutane ko'ina. Na yi kwana uku ina ƙi, saboda in na gaya masa na gaya wa gari. Yau na je.

Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Ya kori masu zama a rumfarsa tukuna, abin da ban zata zai yi ba. Ya ce ɗiyar abokin cinikinsa na Daura tana aikin asibiti a Ingila da mijinta, sunanta Halima. Ya kira uban a gabana. Uban ya ce garin da take sunansa yana da wuyar faɗa, ya fara da Hada. Na ce Huddersfield? Ya ce shi ne.

Na rubuta lambar Halima, Alhaji ya ce in karanta masa ya ji ko daidai ne.

Da zan tafi ya ce, "Malam Idrisa, maganar nan ba za ta fita daga rumfar nan ba. Amma tsohuwa fa? Ta sani?"

Na ce ana lallaɓawa.

Asabar, 27 ga Afrilu, da hantsi

Na yi magana da Halima. Hausarta ta Daura ce, kamar tana bayan katangarmu.

Na ba ta labari, na tura mata hotonsa. Ta ce akwai zauren Hausawan yankin a waya, za ta sa hoton. Mijinta kuma zai tambaya a masallatai. Sannan ta ce, "Amma Malam, wane gari? Masallatan da ke gundumar nan ba su ƙirguwa."

Na ce abin da ya faɗa mini ke nan, Kirklees. Na faɗe shi daidai, nauyi a ƙarshe.

Ta ce, "Ka ga, shekarata shida a nan, ban taɓa jin mutum ya ce shi ɗan can ne ba. A takardar ofis ake ganin sunan, da jikin motar kwasar shara, da labarai. In ka tambayi mutum inda yake, garinsa zai faɗa maka. Wanda ya ce maka gunduma, ko dai aikinsa na yawo ne gida-gida, ko kuma..."

Na ce ko kuma me?

"Ko kuma bai ga alamar kana son ƙarin bayani ba. Ka yi haƙuri, Malam, ban san tsakaninku ba."

Na ce ba komai.

Asabar ɗin dai, bayan azahar

Basira ta ji duk maganar, don a tsakar gida na yi ta. Ta bari har na ci abinci, ko in ce har na ture kwanon, sannan ta zauna a bakin tabarma.

"Malam, in faɗi wani abu ba za ka yi faɗa ba?"

Na ce ta faɗa.

"Batili."

"Mene ne Batili?"

"Garin da yake. Ya faɗa mini tun kafin azumi. Na ce maka Nasiru ya ce Batili akwai sanyi, ka ce ba Batili ba ne, Kirkilis ne, in daina ɓata sunan. Na ce to, kai ka san Ingilishi."

Na tuna. Wallahi na tuna. Ina gyaran takardun yara a lokacin, ko ɗagowa ban yi ba.

Ta kawo wayarta. Ashe yana turo mata saƙon murya, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ta kunna mini na watan Fabrairu. Muryarsa ce, a hankali, kamar mai magana cikin bargo. Yana tambayar yadda ake miyar kuka ba ta yi gudaji ba. Yana cewa ƙarfe biyar na yamma duhu ya yi. Yana cewa, "Anti, nan Batley in kin ga tudu sai ki ce da gangan aka yi shi." Ya yi ƴar dariya. A ƙarshe ya ce, "Kar ki gaya wa Yaya na ce na gaji."

Na duba taswira. Yana nan cikin jan zaren, ta gabas, kusa da Dewsbury. Ranar da muka duba da Habibu idona ya bi ta kansa ya wuce.

Na tura wa Halima. Ta ce tafiyar rabin awa ce daga wurinsu.

Ban ce wa Basira komai ba. Ya kamata in ce.

Lahadi, 28 ga Afrilu, bayan asuba

Zan rubuta, tunda kayen ba ya amsawa.

Ranar salla ya kira ƙarfe goma sha ɗaya, zaure cike da masu barka da salla. Na fita da wayar bakin ƙofa. Ya ce shi bai samu zuwa idi ba, yana aiki. Ya ce, "Yaya, ba na barci. Wata biyu ke nan. Wani tsoho da nake kula da shi ya rasu a hannuna, tun daga nan in na rufe ido shi nake gani. Ina wanke iyayen wasu, tawa uwar tana can ƙafa na ciwo. Ina so in dawo gida."

Na ce ya dawo ya yi me? Na ce duk Matamaye an san yana Ingila, ƴan ajina da shi nake ba su misali. Na ce mutane nawa ke neman inda ya samu. Na ce gajiya ba ciwo ba ce. Ya ce, "Yaya, ka saurare ni." Na ce in ya dawo haka, ya nemi gidan da zai sauka, ba nawa ba. Na ce kar ya sake kirana da irin wannan maganar.

Sai aka yi sallama, baƙi daga Yauri. Na kashe wayar na je na tarbe su da dariya.

Ya ce in saurare shi.

Litinin, 29 ga Afrilu, bayan la'asar

Inna ta aiko Basira ta kira ni. Na same ta zaune bakin gado, ta miƙe ƙafar a kan matashi. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ne ɗan fari, yau ma ba ta kira ba.

"Kai, zauna."

Na zauna a ƙasa.

"Yaron nan in ya kira ba ya cewa a gaishe ni. Cewa yake a tashe ni. Ko ina barci, ko ina salla, jira yake. Sau biyu kana kawo mini gaisuwar da ba irin tasa ba. Na yi shiru ne in ga iyakarka. Yanzu gaya mini, yana da rai?"

Na ce ban sani ba, Inna.

Na gaya mata duka, har da na ranar salla. Ban rage ba. Na jira ta yi faɗa, da ta yi da na ji sauƙi.

Ta ce, "Gidan nan da ka ce kar ya sauka, na ubanku ne."

Na ce haka ne.

"Tashi ka je. In an samu labari, ko wane iri ne, ni za a fara gaya wa. Ba Alhaji ba, ba matarka ba."

Talata, 30 ga Afrilu, da rana

Ba labari. Inna ba ta ci tuwo ba jiya, fura kawai ta kurɓa.

Laraba, 1 ga Mayu, bayan azahar

Hutu, ba lakwal, wanda ya fi muni. Mijin Halima ya je masallatai biyu a Batley bayan ya tashi aiki jiya. Ba wanda ya gane hoton. Ya ce akwai saura da yawa, ranar Juma'a ce ta fi, lokacin kowa yana nan.

Na taka har bakin tasha na dawo. Na taka har hanyar Kance na dawo. Hadari ya taso ta gabas, ya yi baƙi, iska ta watsa shi.

Na ce wa Basira ta yi haƙuri da maganar Batili. Ta ce, "Allah dai ya sa a gan shi." Ta ci gaba da wankinta.

Alhamis, 2 ga Mayu, hutun ƙarfe goma

Direktan lakwal ɗinmu ya ce in ina son hutun kwana biyu in ɗauka. Na ce a'a. A gida me zan yi, in ƙirga ƙwaryar Inna?

Juma'a, 3 ga Mayu, ƙarfe huɗu saura

Yana da rai.

Juma'ar dai, bayan magariba

Bari in rubuta yadda aka yi.

A masallaci na uku da mijin Halima ya je, wani dattijo ya gane hoton, ya ce ai ɗan Nijar ne mai zama sahun baya, sun kwana biyu ba su gan shi ba. Ya haɗa mijin Halima da wani ɗan Sudan da suke haya gida ɗaya da Nasiru. Shi ne ya ce kwana biyu bayan salla ya dawo daga aiki ya same shi a ɗaki cikin mawuyacin hali, ya kira motar asibiti. Wayar tana nan cikin ɗakin a mace, yana son ya sanar da danginsa amma a kulle take, bai san lambar kowa ba.

Halima ta je asibitin da kanta. Ta ce an bar ta ta gan shi minti ashirin, da yardarsa. Yana tafiya da ƙafarsa, yana cin abinci, ya rame. Na tambaye ta me ya same shi. Ta gaya mini kaɗan, ta ce sauran shi zai faɗa in ya ga dama, ba huruminta ba ne. Kaɗan ɗin ma ba zan rubuta shi a nan ba.

Na cika alkawari. Da gudu na shiga ɗakin Inna, takalmi a ƙafa. Na ce an gan shi, yana asibiti, yana samun sauƙi. Ta ce alhamdu lillahi sau uku, ta nemi a ba ta buta. Da ta idar ta ce Basira ta ɗumama tuwon jiya.

Na tambayi Halima ko ya ambace ni. Ta ce ya tambayi ƙafar Inna.

Lahadi, 5 ga Mayu, da hantsi

An kai masa wayarsa. Duk saƙonnina sun zama alama biyu, talatin da bakwai, lokaci ɗaya. Bai buɗe ko ɗaya ba.

Na koma na karanta su. Na farkon cewa na yi, "Ka kunna waya, kana tayar wa Inna hankali." Ko a na goma ban ce ya yi haƙuri ba.

Talata, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Ya kira. A wayar Basira.

Ina zaure na ji ta yi salati, ta wuce ni da gudu zuwa ɗakin Inna. Na bi ta na tsaya bakin ƙofa. Inna ta riƙe wayar da hannu biyu. Ba na jin abin da yake cewa, nata kawai nake ji. "Na'am. Na'am, auta. Ƙafa da sauƙi. Kana ci? Me suke ba ka? To. To, ba komai. Ba wanda ya isa. Ina nan da raina."

Sun fi rabin awa. Da za su gama Inna ta ɗago ta dube ni, ta ce cikin wayar, "Ga yayanka nan tsaye." Ta saurara. Ta ce, "To, Allah ya kai mu." Ta miƙa wa Basira wayar a kashe.

Ta ce, "Ya ce ba yau ba."

Na ce ya yi daidai. Na koma zaure na gyara takardun ƴan turwaziyam har aka kira magariba. Na ba kowa maki fiye da abin da ya samu, gobe sai na sake dubawa.

Laraba, 8 ga Mayu, bayan asuba

Na yi masa saƙon murya, da Hausa. Na goge sau huɗu don ina jin muryar malami a ciki. Na biyar na bar shi. Na ce na yi kuskure. Na ce ya dawo in yana so, ya zauna in yana so, duk wanda ya zaɓa ni zan tsaya gaban mutane in faɗa. Na ce ba sai ya amsa ba.

Alhamis, 9 ga Mayu, da rana

Ya saurara. Bai amsa ba. Ni na ce ba sai ya amsa ba.

Asabar, 11 ga Mayu, bayan azahar

Ina kan tsani ina gyara indararo kafin ruwa ya sauka, wayata ta yi ƙara a aljihu. Na ga sunan. Saura kaɗan in faɗo.

Na ce salamu alaikum. Ya amsa. Ina jin numfashinsa, ina jin wani abu yana ƙara a bayansa kamar keken tura abinci.

Ya ce, "Yaya, ban san ko zan dawo ba tukuna. Likita ya ce kar in yanke komai yanzu."

Na ce to.

"Kuma akwai abin da ban gaya wa Inna ba. Mai tsawo ne. Kana da aji?"

Na ce yau Asabar. Na ce ko da akwai ma.

Na sauko daga tsanin, na zauna a ƙasa inda nake, cikin rana, na jingina da katanga. Basira ta leƙo, ta gan ni, ta janye yara zuwa ɗaki ta saki labule.

Ya yi magana awa ɗaya da minti goma. Ban katse shi ba ko sau ɗaya.